Ruwan tsuntsaye da ƙudan zuma: yadda aikin yake tafiya

8 ga Maris

Toh yau dai na fara. Aikin ba wani babba bane, wurin shan ruwa nake haɗa wa ƙananan halittu a bayan ɗakina, tsuntsaye da ƙudan zuma da duk wani mai rarrafe da zafin nan ya matsa wa, kuma zan riƙa rubuta abun da ake ciki ko Allah zai sa wani ya kwaikwaya ko ya gyara min.

Kashi uku na raba shi. Kasko mai faɗi a kan bulo na tsuntsaye, zurfin ruwan a tsakiya kar ya wuce santimita 5, gefe kuma ya fi haka ƙaranci, don ƙananan tsuntsaye ba iyo suke ba, tsayawa suke ƙafarsu na taɓa ƙasa su sha su yi wanka. Sai faranti na ƙudan zuma. Sai wani murfin roba dana binne daidai da ƙasa saboda ƙadangare da kwaɗo da bushiya in akwai ta.

Mutane da yawa basu san tsuntsu baya gumi ba. Fatarsa bata fitar da zufa irin tamu, ga jikinsa dama da zafi, wajen digiri 40 zuwa 42 ne yana lafiyarsa ƙalau, shi yasa da rana tsaka zakaga ya hangame baki yana haki, da haka yake rage zafi, kuma duk hakin nan ruwan jikinsa ne ke tafiya. Hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya riƙo da baki ya hauro ya shayar da kare aka gafarta masa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kowa ya haddace shi tun yana yaro. Ni abun da ya tsaya min a ciki shine sai da ya sake sauka rijiyar fa, bayan shi ya riga ya sha ya ƙoshi ya fito.

12 ga Maris

Shiru kake ji. Ban da tururuwa babu wanda ya leƙo. Tsuntsu dama haka yake da sabon abu, zai zauna a kan katanga yana kallonsa da ido ɗaya har sai ya ga ba tarko bane. Na matsar da kaskon inuwa, inda wanda ke sha zai iya hango ko'ina, kamar taku uku daga wata 'yar bishiya da zai iya faɗawa in ya ga shaho. Sannan na huda gorar roba da allura na rataye ta a sama tana ɗiga a hankali, ƙarar ɗigo da motsin ruwa suna jan tsuntsu fiye da ruwan da yake kwance.

17 ga Maris

Alhamdulillah an buɗe kasuwa. Kurciya ce ta fara, da sanyin safiya, ta sauka nesa kaɗan ta yi ta zagaye tana gyaɗa kai kamar ba ruwan ya kawota ba, can ta hau baki ta tsoma. Ban taɓa lura da shan kurciya ba sai yau: ta nutsa baki har kusan hanci ta yi ta zuƙa bata ɗago ba sai da ta gama. Da gwara suka zo daga baya sai naga su kuma ɗiba suke su ɗaga kai sama ruwan ya gangara, su sake ɗiba. Ashe dangin kurciya da tattabara suna cikin 'yan kaɗan da ke iya zuƙar ruwa kai a ƙasa, yawancin tsuntsaye sai sun ɗaga.

Gwara kam basu da kunya, shan minti ɗaya wankan minti goma, sun watsar da rabin ruwan kafin rana ta ɗaga.

25 ga Maris

Zuma sun gano wurin, kuma nasu ne ya fi ɗaukar hankalina a satin nan. Farantinsu suka ƙi, kaskon tsuntsaye suka nufa, da safe na tarar da guda biyu sun mutu a ciki ɗaya kuma tana ta juyi a saman ruwa fukafukanta sun manne. Na miƙa mata tsinke ta kama, na ajiye ta a kan bulo inda rana ke bugawa, ta zauna tana goge fuska da ƙafafun gaba tana karkaɗe jiki, can dai ta tashi. Zuma bata iya tashi daga cikin ruwa, da zarar fiffike ya jiƙe shikenan sai dai ta yi ta turawa ko ta dace da gefe, gefen kuma in da santsi ta sake zamowa.

Don haka na zuba duwatsu a ɓangare ɗaya na kaskon su fito saman ruwa, farantinsu kuma na cika shi da tsakuwa na shimfiɗa tsumma rabi a ruwa rabi a waje. Tsumman nan suka fi so, su jeru a kai suna tsotsar danshi. Wani abun mamaki kuma basu damu da sabon ruwa mai kyalli ba, wanda ya ɗan kwana ya ɗauki warin ƙasa shi suke bi, da hanci suke nemansa.

Ruwan ba don ƙishinsu kaɗai suke ɗiba ba. Gida suke kai wa, su shafa a kan saƙa wasu kuma su tsaya suna fifita da fukafukai har ya bi iska ya sanyaya amyar, saboda 'ya'yansu da ke cikin saƙar suna buƙatar zafi ya tsaya wajen digiri 34 zuwa 35, in ya haura sosai sun lalace. Kuma wadda ta samo ruwa bata ɓoyewa, in ta koma rawa take a kan saƙa tana kaɗa ƙugu, rawar ce ke gaya wa sauran ta ina za su bi da kuma nisan wurin. Wani masani ɗan Ostiriya Karl von Frisch shi ya warware ma'anar rawar nan, har ya samu kyautar Nobel a 1973.

Anan ne abun ya fara min nauyi gaskiya. Tunda sun sanar da gida, yanzu akwai wata amya can da ban san inda take ba da ta saka farantina a lissafinta. In na bari ya bushe ranar da aka fi zafi za su zo su tarar da wayam su koma neman wani daga farko. Wasa wasa na ɗauko amana.

Wani ya bani shawarar in ɗiga musu zuma a ruwan wai su ƙara ƙarfi. Kar wanda ya yi haka. Zumar wata amya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da 'ya'yan zuma, kai kana ganin alheri kayi ashe annoba ka aika musu gida. In ka ga ɗaya ta galabaita a ƙasa, ɗigo ɗaya na ruwan sukari a gabanta ya isa.

2 ga Afrilu

An kawo ƙarata. Hajiyar da muke katanga ɗaya ta tare ni tace "ɗan nan, wai gidan sauro kake gina mana ne? jikokina fa na kwana anan." Nace Hajiya ku yi haƙuri, ku zo ku gani. Maganarta a kan hanya take, duk mai wannan aikin ya kamata ya iya amsa ta ba da fushi ba.

Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike sati ɗaya ne zuwa kwana 10 in da zafi. Kenan in kana zubar da ruwan kana sabuntawa duk kwana biyu tsutsarsa bata isa ta kai ko'ina ba. Amma zubarwa kaɗai bata wadatar, don akwai irin sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, shi a jikin mazubi yake manna ƙwai dab da saman ruwa, ƙwan ya bushe ya yi watanni yana nan, ranar da ruwa ya sake taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Sai an dirje da buroshi. Na dirje a gabanta, na nuna mata ruwan babu ko tsutsa ɗaya mai wutsil wutsil, tace toh ita dai idonta na kai.

Wankin yana da wani dalilin ma. Akwai cutar da ke kama maƙogwaron kurciya da tattabara ta hana su haɗiya, ta yawu take yaɗuwa a wurin sha da wurin ci. A Birtaniya tun daga 2005 ta tsallaka kan wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba ta yi musu mummunar ɓarna, kuma wuraren da mutane ke ajiye musu abinci da ruwa don tausayi suna cikin inda ta fi bi. Abun da ke kashe ta mai sauƙi ne, bata jure bushewa. Yanzu kasko biyu nake juyawa, ɗaya na aiki ɗaya na kife a rana.

Rabin aikin nan wanke wanke ne wallahi, wanda baya son wanke wanke kar ya fara.

7 ga Afrilu

Kyanwa. Wata baƙa mai farin wuya da bata da mai ita, ta gano cewa na tara mata nama wuri ɗaya. Yau na tarar da gashin gwara a gindin bulo. Raina ya ɓaci amma me zan ce mata, ita ma cikinta ta bi, kuma matar da aka azabtar a hadisi saboda kyanwa ne, ta ɗaure ta bata ciyar da ita ba bata sake ta ta nema ba. Sai dai ɓarnar kyanwa ba ƙarama bace, wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara.

Na ƙara wa kaskon tsawo, na kwashe tarkacen katakon da take laɓewa a baya, ita kuma na ajiye mata nata ruwan can ɗaya ɓangaren gidan. Ko za ta mutunta yarjejeniyar oho.

15 ga Afrilu

Ɗan yayata da yake hutu a wurinmu ya shigo a guje hannu a dunƙule, "Kawu Kawu na tsinci ɗan tsuntsu, uwarsa ta yar da shi, kawo madara!" Na buɗe hannun a hankali. Ɗan gwara ne, gashi ya rufe shi duka sai wutsiya 'yar guntuwa, gefen bakinsa da rawaya rawaya, zuciyarsa na bugawa ina jinta a yatsana. Na ɗora shi a yatsa ya damƙe gam.

Wannan damƙar ita ce amsar. Ɗan tsuntsu iri biyu ne a ƙasa. Akwai wanda yake tsirara ko gashi tsilli tsilli, baya iya tsayuwa, shi faɗowa yayi, a nemi sheƙar a mayar da shi. Akwai kuma irin wannan da ya yi gashi yana tsalle yana riƙe reshe, shi da kansa ya fito, kwana kaɗan zai yi a ƙasa yana koyon tashi iyayen na kawo masa abinci, ba maraya bane, mu ne muka sace shi. Zancen wai in mutum ya taɓa shi uwar za ta ji wari ta ƙi shi ba gaskiya bane, kukansa take bi.

Madara kuwa tsuntsu baya narkar da ita. Ruwa ma ba'a ɗura masa a baki, ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ɗigo ɗaya ya kuskure ya tafi huhu an gama. Da yawan 'ya'yan tsuntsun da ke mutuwa a hannun masu ceto ɗurar nan ce.

Yaron yace shi dai a bar masa ya raine shi a kwali. Na bashi labarin da Abu Dawud ya ruwaito, sahabbai a tafiya suka ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, tazo tana ta shawagi tana karkaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, yace a mayar mata da su. Ya ɗan turo baki amma ya yarda. Muka kai shi inda ya tsince shi muka ɗora a reshe mai ganye, muka kulle ƙofar da kyanwa ke bi, muka koma bayan taga. Zaman ya yi tsawo har yaron ya fara cewa ai gashi nan ba za ta zo ba. Sai ga ta a kan waya da wani koren abu a baki, ta duba hagu ta duba dama ta sauko, ɗan ya buɗe baki yana rawar fukafukai ta cusa masa ta tafi. Ko daƙiƙa biyar ba'a yi ba.

21 ga Afrilu

Wani ɗan tsuntsun kuma bai yi rai ba. Kyanwar ce ta kama shi muka ƙwace, ba wani rauni a bayyane, na saka shi a kwali mai huji a wuri mai duhu, washegari ya mutu. Bakin kyanwa akwai ƙwayoyin cuta da in haƙori ya ɗan huda fatar tsuntsu suna kashe shi cikin kwana ɗaya biyu in ba likitan dabbobi ya bashi magani ba. Mun binne shi.

30 ga Afrilu

Gam ɗin ɓera. In da zan iya hana sayar da abu ɗaya to shine. An ajiye shi a bayan wani ɗakin ajiya, ɓera bai hau ba ƙadangare ya hau, ƙarami, ya manne tun daga haɓa har wutsiya, ido kaɗai ke motsi da cikinsa da ke hawa yana sauka.

Ba'a ja, in ka ja fatar za ta biyo ko yatsu su tsinke. Man girki ake sa wa. Na fara yayyafa gari a sauran gam ɗin da bai taɓa ba don kar ya sake mannewa, na naɗa auduga a tsinke na tsoma a mai, na riƙa shafawa daidai inda fata ta haɗu da gam ina jira mai ya ratsa. Wutsiya na fara saki amma ban riƙe ta ba, don ƙadangare da yawa in suka ji an kama wutsiya suna iya katse ta. Sai ƙafar baya, yatsa ɗaya bayan ɗaya, siraran nan da ƙyar ake ganinsu, kowanne in ya fita sai in tura guntun takarda a ƙarƙashi. Haɓar ce ta fi wuya saboda kar mai ya shiga hanci. Yaron na riƙe da fitilar waya hannunsa na rawa yana cewa "Kawu a hankali" kamar ni ne ban sani ba. Da ya fita duka na goge masa man da tsumma mai ɗumi na ajiye shi kusa da murfin ruwan ƙasa. Ya daɗe bai motsa ba, sannan ya yi gyaɗa kan nan nasu sau biyu ya shige rami, ko waiwaye babu.

9 ga Mayu

Aikin ya tsallaka katanga. Baba makwabcinmu na dama, dattijo ne da gwiwa ta hana shi fita, 'ya'yansa duk suna nesa, ashe ta tagarsa yana jin hayaniyar gwara kullum. Ya aiko a kira ni yace "yaro, ni ba za'a sa min ɗaya bane a gindin tagar nan?" Nace Baba ai ku ne da faɗa, gobe in sha Allah.

Na sa masa. Kuma tunda sai an wanke duk kwana biyu, dole duk kwana biyu in shiga gidan, abun da a da sai a yi wata ban yi ba in ban da gaisuwa daga ƙofa, alhali tsakaninmu bulo ɗaya ne. A shigar nan ne naga ƙwan fitilar banɗakinsa ya mutu tun tuni yana lalube a duhu, naga maganinsa na safe da na dare duk a leda ɗaya ya cakuɗe rubutun kuma ya fi ƙarfin idonsa. Na raba masa a kwalba biyu na ɗaura wa na dare zare. Bai taɓa roƙon kowa ba kuma ba zai roƙa ba, irin mutanen nan ne. Shi kuma ya san tsuntsaye fiye da ni nesa ba kusa ba, daga kuka yake gane wane ne ya sauka, shi ya nuna min cewa in gwara suka yi tsit gaba ɗaya to a duba sama.

Ɗan yayan nawa ya tambaye ni a gabansa wai ƙadangaren nan zai dawo ya saka min kamar a tatsuniya? Baba yayi dariya yace alheri danƙo ne. Ni kuma nace masa gaskiya kar ya jira, ƙadangaren bai san ma ni na cire shi ba, a wurinsa wani ƙaton abu ne ya tsare shi ya kuɓuce. Akwai dai masu gane fuska. A Jami'ar Washington da ke Amurka, John Marzluff da abokan aikinsa sun sa wata fuskar roba a 2006 suka kama hankaki suka sake su, shekaru bayan nan duk wanda ya sa fuskar ya ratsa sai hankaki sun bi shi da tsawa, har da waɗanda ba'a taɓa kamawa ba, sun koya daga 'yan uwansu. Amma ka lura wanda ya cuce su suka riƙe. Gwaran da nake shayarwa tun Maris har yau ina buɗe ƙofa suke watsewa, kuma hakan ya fi musu, tsuntsun da ya saba da mutum baya daɗewa.

20 ga Mayu

Yau ranar ƙudan zuma ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta a 2017 bisa shawarar ƙasar Sulobeniya. Ni dai bikina ƙarin tsumma ne.

Wani abokina yazo ya same ni ina dirzar kasko yace kai yanzu mutane na cikin halin da suke ciki kai kana wa tsuntsu wanke wanke? Mun ɗan yi musu. Nace masa na farko dai ban ga abun da na rage wa mutum ba, ruwan bokiti ɗaya ne da minti goma. Na biyu waɗannan da yake rainawa suna cikin masu ciyar da shi, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in manyan amfanin gona na duniya suna ƙaruwa da barbarar da ƙwari da makamantansu ke yi wa fure, duk da ita zuma ɗaya duk rayuwarta ko cikin ƙaramin cokali bata tarawa. Na bashi labarin Chaina, 1958 lokacin shugabansu Mao aka shelanta yaƙi da abu huɗu, ɓera, ƙuda, sauro da gwara, wai gwara na cinye hatsi. Jama'a suka fito da kwanoni da ganguna suna kaɗawa kar tsuntsu ya sauka har sai ya faɗo don gajiya, aka fasa ƙwai aka rushe sheƙa. Da gwara suka ƙare sai fara da sauran ƙwari suka samu fili, don gwara da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo, amma an makara, abun ya haɗu da wasu dalilai ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni, wadda ta ci miliyoyin mutane.

Yace duk wannan lissafin riba ne, in da basu da amfani fa? Nan kam ya kama ni da kyau, don karen hadisin nan ba gadi yake wa mutumin ba. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a dabbobi, amsar bata ce masu amfani ba, duk mai ɗanyar hanta aka ce, wato duk mai rai.

Abun da zan iya shaida da kaina shine safiyata ta canja, ina tashi da abun yi kafin in taɓa waya, kuma raina ya fi sakewa. Masana ma sun gwada makamancin haka, a 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada suka raba wa mutane dala 5 ko 20 da safe, wasu aka ce su kashe wa kansu wasu su kashe wa wani, da yamma waɗanda suka kashe wa wani suka fi nuna farin ciki, kuma yawan kuɗin bai canja komai ba. Abokin nawa dai bai ce ya yarda ba. Da zai tafi ya tambayi zurfin ruwan nawa ne nace.

3 ga Yuni

Ruwan sama ya sauka, baƙi sun ragu sosai, ko'ina akwai sha yanzu. Zuma kaɗan ke zuwa. Hajiya ta leƙo ta tuna min cewa yanzu ne lokacin sauro, nace ina sane, na kife murfin ƙasa da faranti ɗaya na bar kasko kawai, na bi bayan gida na zubar da duk wani gwangwani da tsohuwar taya da ta tara ruwa, har da na gefenta.

Sabuwar matsala kwaɗi ne. Akwai ramin mahaɗar bututu a bayan gida mai bango sumul, da safe na tarar da su a ciki sun kasa fita, wasu sun hau kan wasu. Na jiƙa hannu na kwashe su, da jiƙaƙƙen hannu mara sabulu ake taɓa kwaɗo don fatarsa na tsotse duk abun da ta taɓa, ta fatar ciki ma yake shan ruwa ba da baki ba. Mutane na ƙyamarsu amma dare ɗaya kwaɗo yana share ƙwari ba kaɗan ba, kuma danginsu ne suka fi shiga uku a cikin masu ƙashin baya, ƙididdigar 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu na fuskantar barazanar ƙarewa. Na jingina katako a ramin ya zama musu tsani.

16 ga Yuni

Tafiya ta taso min ta sati biyu. Na Baba shine damuwata, ba don tsuntsayen ba tunda damina ta wadatar da su, don shigar ce bana so ta yanke. Na yi wa Hajiya magana ina ɗar ɗar, tace babban jikanta zai riƙa zuwa amma da sharaɗin ita za ta duba ya dirje da kyau, ta kuma tambaye ni wace kwalba ce ta dare. Na rubuta wa yaron a takarda: a zubar, a dirje, a kife ɗaya a rana, kar a sa sabulu mai ƙamshi, ya gaida Baba ya zauna ko minti biyar ne kar ya wanke ya fice.

Kyanwar ta haihu a bayan katakon dana kwashe, guda uku, idonsu bai buɗe ba tukun, sai sun kai sati ɗaya zuwa kwana 10. Ban taɓa su ba, uwar na nan tana shayarwa. In na dawo sai in nemi likitan dabbobi a yi maganar yi mata aikin hana haihuwa, in ba haka ba baɗi kyanwa goma zan tarar a gindin kasko.

Tsanin kwaɗi bai yi ba sosai, katakon ya yi gansakuka yana santsi, jiya na tarar da biyu a ƙasansa. Kafin in tafi gobe zan naɗe shi da tsohon buhu, in kuma na samu raga mai ƙananan ido in rufe bakin ramin gaba ɗaya.